Dasa itace aikin rana ɗaya ne, renonsa aikin kullum: gangamin jama'a da tallafin makarantu a Tawa da arewacin Adar

Gabatarwa

Kowace shekara, ranar 3 ga watan Agusta, ana dasa itatuwa a ko'ina cikin Nijar. A wannan rana ce ƙasar ta sami ƴancin kai a 1960, kuma tun 1975 hukuma ta mai da ita ranar dasa itace. A birnin Tawa da garuruwan da ke kewaye da shi, jama'a sukan taru, a yi jawabi, a dasa, a zuba ruwa, sannan kowa ya kama gabansa. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: in an koma wurin a watan Mayu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, itatuwa nawa za a tarar da rai?

Wannan bayani an shirya shi ne domin masu koyon karatu a ajin yaƙi da jahilci, da iyayen yara, da membobin kwamitin makaranta. Zai nuna abin da mutanen Adar suka riga suka yi wajen gyaran ƙasarsu, da yadda makaranta za ta nemi tallafi ta yi amfani da shi, da abin da kowane gida zai iya yi ba tare da jiran kowa ba.

Ma'anar wasu kalmomi

Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mu wanda rayuwarmu ta dogara da shi: ƙasar noma, ruwa, iska, itatuwa, ciyawa, dabbobi, har da tsabtar gida da titi.

Gangami shi ne haɗuwar jama'a domin a faɗakar da su a kan wani abu, su kuma yi aikinsa tare. Ɗan'uwan gayya ne, wadda kakanninmu suka sani tun da daɗewa.

Tallafi shi ne kuɗi ko kayan aiki da hukuma ko wata ƙungiya ke bayarwa domin wani aiki da aka ambata. Ba bashi ba ne, ba a biyansa. Amma dole ne a nuna inda aka kashe shi.

Halin da ƙasar Adar take ciki

Adar ƙasa ce ta duwatsu da fako da kwaruruka. A wajen Tawa ruwan sama na shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 zuwa 400, kuma yana raguwa in an nufi arewa, wajen Barmu da Tabalak da Abalak, inda ƙasar noma take haɗuwa da ƙasar kiwo. Damina gajera ce, kimanin wata uku. Ruwan yakan sauko da ƙarfi, ya tarar da fako mai tauri, ya kasa shiga ƙasa. Sai ya gangara da gudu, ya kwashe ƙasa mai kyau, ya haƙa ƙorama a tsakiyar gonaki. Da rani kuma iska takan ɗauke abin da ruwa ya bari.

Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi da itatuwa masu yawa a wannan yanki. Daga baya jama'a ta ƙaru, birnin Tawa ya faɗaɗa, kuma mafi yawan gidaje da itacen wuta suke girki. Saboda haka mata da yara suna ƙara nisa wajen neman itace, masu sayarwa kuma suna ƙara shiga daji. In itace ya tafi, inuwa ta tafi, ganyen da ke zama taki ya tafi, abin da ke tare iska da ruwa shi ma ya tafi.

Abin da mutanen Adar suka riga suka yi

Gyaran ƙasa ba baƙon abu ba ne a jihar Tawa. Tun kafin zuwan kowane shiri, manoman Adar sun san jera duwatsu a gona domin tare ruwa. Ga misalai uku na ayyukan da aka yi a jihar, kowanne da darasinsa.

Na farko shi ne kwarin Majiya, a gundumar Buza, kudu maso gabas da Tawa. Daga 1975, ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da mutanen garuruwa suka fara dasa dogon yaro a layi biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100 tsakanin shinge da shinge, domin karya ƙarfin iska. An dasa ɗaruruwan kilomita. Abin da ya raya su shi ne an sa masu gadi suna hana dabbobi cin su har suka girma. Gero ya fi kyau a bayan shingen, daga baya kuma mutane suka sami itacen gini da na wuta daga rassan da ake sarewa bisa tsari.

Na biyu shi ne shirin Keita, gabas da Tawa, wanda aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau FAO, da hukumar PAM mai ba da abinci a madadin aiki. Da yake mazan Adar da yawa sukan tafi cin rani, mata ne suka yi mafi yawan aikin: ɗaukar duwatsu, haƙa ramuka a jikin tudu, da dasa itatuwa. Cikin kimanin shekara 20 an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an gyara fiye da hekta 30,000 na ƙasar da ta lalace, an kuma gina madatsun ruwa. Darasin Keita shi ne a fara tare ruwa tun daga saman tudu kafin a dasa itace.

Na uku shi ne yankin Badagishiri, a gundumar Illela, kudu da Tawa. A 1989 wani shiri na asusun FIDA ya kai wasu manoma yankin Yatenga na Burkina Faso. Can suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki, a shuka a ciki. Da suka dawo suka gwada wannan dabara, wadda muke kira tassa. A 1990 ruwa ya yi ƙaranci, amma gonakin tassa suka ba da amfani. Maƙwabta suka gani da idonsu, suka kwaikwaya ba tare da an biya su ba, har fakon da a da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Gani ya kori ji.

In muka haɗa misalan nan uku za mu ga abu ɗaya. Aiki yakan ɗore in akwai wanda aka ɗora wa alhakin kula da shi, kuma in mutane sun ga amfaninsa a cikin rumbunsu da tukunyarsu.

Me ya sa makaranta take da muhimmanci?

Makaranta tana da fili, tana da hannaye da yawa, kuma ta kowa ce. Abin da yaro ya koya a can yakan kai shi gida. Saboda haka ne ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ta gudanar da shirin koyar da kare muhalli a makarantun firamare cikin shekarun 1990, har da Nijar.

Wani babban ci gaba kuma daga jihar Tawa ya faro. A 2004 ma'aikatar ilimi da hukumar JICA ta ƙasar Japan suka fara shirin da ake kira Makaranta Domin Kowa. Manufarsa ita ce a ƙarfafa kwamitin kula da makaranta, wanda aka sani da suna COGES, daga baya aka sauya sunansa zuwa CGDES. Shirin ya tsaya a kan abubuwa uku: a zaɓi wakilan iyaye ta ƙuri'ar asiri, a tsara aikin shekara a gaban taron gari, a kuma riƙa bin diddigin aikin. Da aka ga nasararsa a Tawa, sai aka yaɗa shi zuwa dukan ƙasa a 2007. Wannan kwamiti shi ne ƙofar da tallafi ke shiga makaranta.

Kuɗi kaɗai ba ya isa

A ƙarshen 2007 gwamnati da Bankin Duniya suka yi wani gwaji a jihohin Tawa da Damagaram. Daga cikin makarantu 1000, aka ba kwamitocin 500 kuɗi a hannu, kimanin dalar Amurka 200 kowace makaranta, watau abin da bai kai jaka 100 ta sefa ba. Masu bincike suka gano cewa iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an gyara gine-gine, ƙananan yara sun ƙara tsayawa a aji. Amma sakamakon jarrabawa bai ƙaru ba. Bayan ƴan shekaru aka sake wani gwaji a yankunan Say da Torodi na jihar Tillaberi. Can aka ga cewa karatun yara ya ƙaru a inda aka haɗa kuɗin da horon kwamiti kan yadda za a tsara aiki, amma bai ƙaru ba a inda aka ba da kuɗi kawai.

Waɗannan kuɗaɗe ba don muhalli kaɗai aka ba da su ba, amma darasin ya shafe mu. Tallafin dasa itace ko na lambun makaranta zai iya ƙarewa a sayen kaya da shagalin rana ɗaya, in ba a zauna an yi tsari ba tun farko.

Matakan neman tallafi da amfani da shi

1. A kira taron gari. A gayyaci maigari ko mai unguwa, liman, daraktan makaranta, ƙungiyar iyaye, ƙungiyar uwaye mata, matasa, da makiyayan da dabbobinsu ke bi ta kusa da makaranta.

2. A zaɓi matsala ɗaya ko biyu. Misali: babu inuwa a filin makaranta, ƙorama tana cin bayan aji, ko leda ta cika wurin. Wanda ya ɗauki kaya da yawa yakan zubar da su a hanya.

3. A fara lissafa abin da gari zai bayar da kansa: ƙarfin jiki, taki, duwatsu, ƙaya, amalanke, da ɗan abin da asusun mata zai iya rantawa ko bayarwa. Masu ba da tallafi sun fi amincewa da garin da ya riga ya fara aiki.

4. A rubuta abin da ya rage, da farashinsa: waya ta shinge, butocin ban ruwa, baro, shebur, diga, iri. Shinge da ruwa su ne kan gaba. Dashe ba shinge, abincin awaki ne.

5. A rubuta sunan mai alhakin kowane aiki da lokacin da zai yi shi. Wannan takarda ita ce tsarin aikin makaranta. Mai koyon karatu zai iya rubuta ta da Hausa, darakta ya mayar da ita Faransanci in an bukata.

6. A kai takardar ma'aikatar magajin gari, da ofishin sufeton makarantun firamare, da ofishin gandun daji. Su ne suka san shirye-shiryen da ke aiki a yankin a wannan shekara. Ma'aikatan gandun daji kuma za su ba da shawara kan irin itacen da ya dace. Kada a manta da ƴan gari da ke cin rani ko kasuwanci a waje, domin da yawa sukan taimaka in sun ga lissafi a fili.

7. In kuɗi ya zo, a sanar da adadinsa a gaban jama'a. Ma'aji ya riƙe littafi, a karɓi rasit a kan kowane saye, kuma kada mutum ɗaya ya fitar da kuɗi shi kaɗai. A ƙarshen aiki a karanta lissafin a taron gari.

Aikin shekara wata-wata

Akwai wani abu da masu shirya gangami sukan manta. Lokacin dasa itace yana faɗowa ne cikin babban hutu, lokacin da yara suke gona, malamai kuma sun tafi gida. In an koma makaranta a watan Oktoba, ruwa ya ɗauke, ba da daɗewa ba kuma za a saki dabbobi bayan girbi. Don haka sai a tsara aikin kamar haka:

Janairu zuwa Maris: a tara iri da taki, a jera duwatsu, a haƙa tassa da rabin wata. Tassa rami ne mai faɗin santimita 20 zuwa 30, da zurfin santimita 15 zuwa 20. Ana tara ƙasar da aka haƙo a gefen gangare, a zuba taki cikin hannu ɗaya ko biyu. Rabin wata kuwa faɗinsa yakan kai mita 4, bakinsa yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, kuma ana yin kimanin 313 a hekta ɗaya.

Maris zuwa Yuni: a shuka iri a wurin reno, a inuwa, kusa da ruwa. Ɗan itace yana bukatar wata uku zuwa huɗu kafin a dasa shi. A gama shinge kafin a rufe makaranta.

Yuli zuwa farkon Agusta: a dasa bayan ruwa mai kyau, da safe ko da yamma. A cire ledar da aka rene shi a ciki, kada a bar ta a fili. A arewacin Adar gara a dasa da wuri, domin saiwa ta kama kafin damina ta wuce. Kwamiti ya naɗa gidajen da za su riƙa dubawa cikin hutu.

Oktoba zuwa Yuni: a raba itatuwa ga yara. In aji yana da yara 40 da itatuwa 20, kowane itace yana da masu reno biyu. A rubuta sunayensu a allo.

Watan Mayu: a ƙirga. In an dasa 100 aka tarar da 60 da rai, an sami kashi 60 cikin 100. A tambayi abin da ya kashe sauran: ƙishirwa, awaki, ko gara? Amsar ita ce za ta gyara aikin baɗi.

A zaɓi itatuwan da suka saba da ƙasarmu: gawo, aduwa, magarya, bagaruwa, dakwara mai ba da ƙaro, da dogon yaro domin inuwa. Inda akwai rijiya ko famfo, a sa zogale domin ganyensa. Gara itace 20 da za a iya renonsu da 200 da za a bari su bushe.

Abin da kowane gida zai iya yi kullum

Sassaben zamani. Lokacin sharar gona, kada a sare duk tohon da ya fito daga kututture. A zaɓi rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a gyara su, a bar su su girma. Wannan dabara ta bunƙasa a jihar Maraɗi daga 1983, kuma an ƙiyasta cewa ta mayar da itatuwa a kan hekta wajen miliyan 5 a Nijar. Ba ta bukatar kuɗi ko ban ruwa, domin saiwar tana nan tun da.

Ruwan da aka yi amfani da shi. A dasa itace kusa da wurin alwala ko wurin wanke hannu, a gida da masallaci da makaranta, ruwan ya riƙa gangara gindinsa.

Murhu. Murhu mai duwatsu uku yana zubar da zafi ta ko'ina. Murhun laka da aka gina daidai da tukunya, ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana rage cin itace. A girka a inda iska ba ta kaɗawa, a rufe tukunya, a kashe sauran itace in an gama.

Leda. Tun watan Nuwamba na 2014 akwai doka a Nijar da ta hana kawowa da sayarwa da amfani da leda marar kauri, amma har yanzu tana cika tituna da rassan ƙaya. Tumaki da shanu sukan haɗiye ta, ta toshe musu ciki, su rame, wani lokaci su mutu. Tana toshe magudanar ruwa, sauro ya sami wurin haihuwa. Hayaƙinta kuma yana cutar da ƙirji. A riƙa zuwa kasuwa da kwando, ko ƙwarya, ko jakar tsumma.

Ramin taki. A ware shara gida biyu. Toka, ganye, ragowar abinci da kashin dabbobi su tafi rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har su ruɓe. Leda, kwalba, gwangwani da tsohon batir kada su shiga ramin taki.

Yadda gangami zai yi amfani

A zaɓi saƙo ɗaya, gajere, wanda kowa zai iya maimaitawa. A isar da shi ta bakin mai shela, da liman bayan salla, da gidan rediyon yanki, da ranar kasuwa. A kai mutane su ga gonar wanda ya yi sassaben zamani ko tassa, ya yi musu bayani da bakinsa, kamar yadda aka yi wa manoman Badagishiri. A sa ranar aiki a lokacin da mata za su iya zuwa, a kuma ba su wuri a cikin masu yanke shawara, domin su ne suka fi sanin wahalar itace da ruwa. Kada a dasa a kan burtali ko hanyar mashaya. In filin yana da gardama, a nemi kwamitin kula da filaye na gari ko na ƙaramar hukuma ya daidaita tukuna. In za a ba da kyauta, a ba da ita a watan Mayu ga aji ko unguwar da itatuwanta suka fi rayuwa.

Mu tuna

Kowane itace da aka dasa ya zama yana da shinge, da ruwa, da sunan mai renonsa.
A yi tsari kafin a nemi kuɗi, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a.
A fara da abin da ke hannu. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne itatuwa ne tsofaffin garinku suka sani waɗanda yanzu suka yi wuyar gani?
2. Itatuwa nawa aka dasa a makarantarku bara, kuma nawa ke da rai yau?
3. Su wane ne membobin kwamitin makarantarku, kuma yaushe aka karanta lissafin kuɗi na ƙarshe?
4. Ku rubuta aiki ɗaya da gidanku zai fara a wannan mako, da sunan wanda zai kula da shi.